Zoɓon da Bai Hau Jirgi Ba

Tun da muka dawo daga tafiyar nan ta ruwa ban huta da tambaya ba. Ranar Juma'a ina laluben takalmina a ƙofar masallacinmu na Sterling sai in ji an dafa kafaɗata: "Malam Sabo, yaya teku? Wai da gaske ne har kasuwa akwai a cikin jirgin?" A inda muke jera motoci muna jiran fasinja a filin jirgin Dulles ma haka ne, musamman Isufu mutumin Maraɗi, wanda in bai ji ƙarshen labari ba abinci ba ya shiga cikinsa. Kowa amsa ɗaya nake ba shi: lafiya lau, sai godiya. To na lura amsar ba ta ƙosar da kowa, ni ma kuma ba ta gamsar da ni. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, a ƙyale ni in huta.

Da farko dai tafiyar ba tawa ba ce, ta matata Rabi ce, Allah ya jiƙanta. Ni mutumin Funtuwa ne, ruwan da na sani shi ne dam ɗin Mairuwa, shi ma daga nesa nake gaishe shi. Amma duk lokacin da muka bi ta Baltimore za mu wajen 'yar'uwarta a Philadelphia, sai Rabi ta manna fuska a gilashin mota tana kallon wani farin jirgin ruwa da ke tsayawa kusa da hanya, ya fi gidajen unguwar tsayi. "Malam, wata rana sai mun hau wancan." Ni kuma in ce in Allah ya yarda, irin in Allah ya yardan da magidanci ke yi idan yana so a sake magana.

Ashe ita ba da wasa take ba. Waɗanda suka san ta sun san zoɓonta. Babu suna ko biki daga Wheaton zuwa Silver Spring da za a yi ba a kira ta ba. Da abin da ta tara daga nan ta kama mana ɗakuna a jirgin, ita da 'yarmu Ummi suka gama ƙulla komai kafin a sanar da ni. Sai ciwo ya zo da kaka. Kafin sanyi ya ɗauke mun kai ta makwancinta.

Ummi ita kaɗai Allah ya ba mu. Sunan mahaifiyata ta ci, ga kuma kunyar 'yar fari, don haka ban taɓa sakewa da ita ba. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, kuma kusan duk maganarta da za ku karanta ni ne na mayar muku da ita Hausa. Shekara da shekaru Rabi ce tafintarmu. In ina da magana da Ummi sai in gaya wa uwarta, in ita ke da magana da ni sai ta bi ta can. Da Rabi ta tafi sai muka zama kamar maƙwabta biyu da katangar tsakaninsu ta faɗi, kowa ya rasa inda zai sa idonsa.

Bayan an watse daga zaman makoki Ummi ta zo daga Silver Spring, inda take aikin ba da magani a wani asibiti, don ta taya ni gyara kicin. Can ƙasan firiza, ƙarƙashin ledojin attaruhu da ragowar naman layya, ta ciro wata roba cike da jar ƙanƙara. Zoɓo ne, na ƙarshe da hannun Rabi ya haɗa. Ta daɗe tsaye da shi a hannu, sannan ta mayar ta rufe firizar. Ta ce ba za a soke tafiyar ba. Za mu je, mu kai zoɓon nan tsakiyar teku, mu sha shi a can ni da ita.

Tun kafin in ga ruwa na fara ganin abin mamaki. Ummi ta karanta mini dokokin kamfanin jirgin. Kowane baligi an yarda ya shiga da kwalba ɗaya ta giyar inabi, matuƙar ba a taɓa buɗe ta ba. Amma ruwa a gora, ko lemo a kwalba, ko wani abin sha da aka haɗa a gida, babu hali, wai mutane na ɓoye barasa mai ƙarfi a ciki. Na ce ta sake karantawa, kila ta tsallake layi. Giya ta wuce, ruwa ya tsaya! Ta sake karantawa, haka ɗin ne.

Ana gobe za mu tashi sai ga ta da wata koriyar kwalba sabuwa fil, wadda ba a taɓa zuba mata komai ba, da marfi irin wanda ake cusawa a bakin kwalba, da 'yar hular roba da ake kara wa zafi ta manne a kansa. Ta narkar da zoɓon a firij, ta ɗura, ta toshe. In ka gan ta sai ka rantse daga kanti ta fito.

"Baba, in sun tambaya, kai kawai za ka gyaɗa. Ba sai ka ce komai ba."

"Ni? In shiga cikin mutane da kwalbar giya, da furfurata?"

"Ai ba giya ba ce."

"Amma haka za a ɗauka."

"Wa ya san ka a can?"

"Wanda ya halicce ni."

Ta shafa wuyan kwalbar da yatsa. Can ta ce, a hankali, "Mama ta so ta je." Na yarda, kuma ina so ku sani da zuciya ɗaya na yarda.

Tsakiyar lokacin zafi ne. Ummi ce ta ja motar, ni da tuƙi ne sana'ata na zauna a gefe ina taka birkin da babu shi. Cunkoso ya riƙe mu a kan gadar shiga Maryland, kamar yadda ya saba riƙe kowa. Muna tsaye na juya ga madubin gefe ina gwada gyaɗa kai: a hankali, da mutunci, kamar dattijon da ya saba yawo da giyarsa. Ummi ta hango ni ta yi murmushi. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin ciwon uwarta.

Tashar jirgin wata katafariyar rumfa ce, cike da akwatuna da mutane masu gajerun wanduna. Saboda gwiwata Ummi ta sauke ni a ƙofa da ƙaramar jakata, kwalbar na ciki naɗe da tawul, ta ce in zauna a benci in jira ta ajiye mota. Ban kai ga zama ba wani ma'aikaci ya hango sandata. Kun san mutanen ƙasar nan, in suka ga sanda a hannunka sai sun taimake ka ko ba ka so. Ya karɓi jakar, ya kama gwiwar hannuna, ya kai ni layin tsofaffi, inda babu kowa a gabana. Ina ce masa 'yata na zuwa, yana ce mini babu damuwa, za ta same ni a ciki.

Jakar ta shiga na'ura ta fito. Butata ta wuce, ƙullin yajina ya wuce, dardumata ta wuce. Wata mata baƙar fata, sa'ar Rabi, da tabarau rataye a wuya, ta warware tawul, ta ɗaga kwalbar ta duba marfi. Har ta fara miƙo mini ita. Tambayar ma ba ta kalle ni ba ta yi ta.

"Giyar inabi ce, yallaɓai?"

"A'uzu billahi! A'a, a'a, ba giya ba ce."

Wallahi bakina ne ya riga ni. Wuyan da na yi ta horarwa a mota ya sandare. Kuma da na fara ban tsaya ba, na shiga yi mata bayani da Turancina na direba: fure ne ake dafawa, da citta, da kanumfari, da ɓawon abarba, matata ce ta haɗa, ta rasu. Matar ta rufe ido na ɗan lokaci, ta ce ƙasa-ƙasa, "Da ba ka gaya mini ba." Shugabanta na tsaye a bayanta, ya ji komai.

Ummi ta iso tana haki. Kallo ɗaya ta yi wa kwalbar a kan tebur, ɗaya ta yi mini, ta gane. Ta roƙe su da irin Turancin da ake roƙo da shi a ofis, shugaban ya saurare ta har ƙarshe da ladabi, ya ce doka ce. Ya ce in muna so mu buɗe mu sha a nan kafin mu shiga. Na ce wa Ummi mu yi hakan.

"A nan? Cikin akwatunan mutane?" in ji ta. "Mama ba rumfa ta ce ba, teku ta ce."

Sai matar mai tabarau ta ce ita za ta ajiye mana, in mun dawo mu neme ta. Ta liƙa wa kwalbar takarda da sunana. Ummi ta ce don Allah a sa a firij, abu ne mai lalacewa. Matar ta ce za ta yi ƙoƙari. Haka muka hau jirgin Rabi, ba Rabi, ba zoɓonta, kuma Ummi na gabana da taku mai nisa ba ta waiwayo ba.

Jirgin gari ne guda, da unguwanni da lunguna, kowane lungu kamar ɗan'uwansa. Sai da na ɓata sau da yawa kafin in gane ɗakina. Da na buɗe ƙofa na tarar an ƙawata shi da balan-balan, an nannaɗe tawul biyu an yi tsuntsaye da su suna haɗa baki a kan gado, ga kati a tsakiya ana taya mu murnar zagayowar ranar aurenmu. Rabi ce ta shirya wannan tun bara, ba wanda ya tuna a soke. Mai gyaran ɗakin, wani ɗan Filifin mai yawan fara'a, ya leƙo yana tafi: "Ina madam?" Na ce masa madam ba ta samu zuwa ba. Da ya fita na zauna a bakin gado, na rasa yadda zan yi da tsuntsayen. In warware su ban iya ba, in kwanta kusa da su ban iya ba. Na ɗauke su a hankali na ɗora a kan kujera.

Ƙananan wahalhalu kuwa ba a magana. Banɗakin in ka danna shi sai ya yi wani irin gurnani kamar zai haɗiye ka da kayanka. Karon farko sai da na tsinci kaina a bakin ƙofa ina salati. Alƙibla ta zama abin farauta. In tayar da kabbara ina fuskantar taga, kafin in sallame wayata ta ce gabas ta koma banɗaki. Daga baya na daina duba wayar, na bar wa Allah sanin niyya. Da muka fita daga lungun ruwan Maryland muka shiga teku sosai, cikina ya ce shi ma bai yarda da tafiyar ba. Ummi ta kawo mini ƙwayoyi ta ajiye a kan tebur, ta gaya mini yadda ake sha, kamar yadda take gaya wa kowa a wurin aikinta, ta fita. Da Rabi ce da citta za ta ba ni in tauna, tana yi mini dariya.

Abinci kuwa kamar ana gasar ɓarna. Tun safe har yamma ana zubawa ana kwashewa, mutum ya cika faranti ya ci loma uku ya tura, ya ɗauko wani. Na tuna yadda mahaifiyata ke kankare ƙanzo ta jiƙa don kada ya salwanta. Ga naman alade a ko'ina, har a cikin wake da ganye. Allah ya haɗa ni da Awudu, mai kawo abinci a teburinmu na dare, wanda ya ga hulata ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." Ɗan zangon Kumasi ne, Hausarsa gauraye da Tuwi, yaren can. Shi ya riƙa nuna mini abin da zan ci da wanda zan kauce wa. A daren da aka ce kowa ya yi ado na sa babbar rigata, sai ga mutane na neman ɗaukar hoto da ni, har wani ya tambaye ni ƙarfe nawa zan fara wasa. Awudu ya yi dariya har ya kusa zubar da miya.

Shi na fara ba labarin kwalbar. Ya ce su sobolo suke kiran zoɓo, uwarsa ma tana yi. Ya yi alkawarin zai bincika ko an shigo da ita ma'ajiyar jirgi, don ya san mai riƙe da makullin ɗakin sanyi. Washegari ya dawo fuska ba walwala.

"Baba, ba ta hau ba. Tana can ƙasa. Allah ya sa sun sa a firij. Sobolo ba ya son zafi, in ya kwana biyu a waje sai ya fara magana."

Na san haka. Na sha ganin Rabi na zubar da wanda ya wuni a mota. Tun daga ranar duk abin da na kalla a jirgin nan, kwalbar nake gani a wani lungu na rumfar can, rana na dukanta.

A jirgi ba ka zaɓar abokin cin abinci, haɗa ku ake yi. Mu an haɗa mu da wata tsohuwa 'yar Baltimore mai suna Loreta, wadda ta yi ritaya daga tuƙa motar 'yan makaranta. Da ta ji ni ma direba ne sai hira ta ɓarke, muka yi ta zagin masu shiga gaban mutum ba sigina. Ita ta zo da tata kwalbar, ta gaske, irin wadda mijinta ke so. Abin da ya ɗaure mini kai, sai da aka caje ta ladan buɗewa. Kwalbarki, kin saya da kuɗinki, kin ɗauko da hannunki, kuma a ce sai kin biya kafin a cire marfi! A Funtuwa in baƙo ya zo maka da furarsa, ƙwarya da ludayi kake kawowa, ka ƙara da godiya.

Loreta ta ce a zuba mana. Na dafe ƙirji na ce mun gode, ba ma sha. Ba ta ji haushi ba, ta ɗaga kofinta ta ƙwanƙwasa a kofin ruwana. Jan abin da ke kofinta launinsa ɗaya da zoɓo. Ummi ta zuba masa ido, ta ajiye cokali, ta ce a yi mata uzuri, ta tashi. Loreta ta bi ta da kallo, sannan ta juyo gare ni.

"Wa kuka rasa?"

Na gaya mata. Ta ce ita ma mijinta ta rako. Na waiga ina neman sa, sai ta ce yana ɗaki, a cikin ɗan akwati. Ƙona shi aka yi, bisa wasiyyarsa, kuma tokar ta kawo ta zuba a teku. Na yi ta maimaita innalillahi a zuci. Amma ban ɓoye muku ba, har da wani abu mai kama da hassada na ji. Mutum sukutum an bar shi ya hau jirgi da takardar izini, ruwan furen matata an tsare shi a ƙofa.

Tsibirin da muka je Bermuda ake ce masa. Na shirya fasfona da amsoshina, don na san yadda ake tsallaka iyaka. Na taɓa wuni a Jibiya saboda buhun dabino. A nan kati kawai aka kara a na'ura ta yi ƙara, shi ke nan wai na shiga wata ƙasa. Na ga manyan mutane da kwat da lakataye a sama, gajeren wando da doguwar safa a ƙasa, suna tafiya ofis ba kunya, sai suka tuna mini da 'yan dokan zamanin ƙuruciyata. Motocinsu ta hagu suke bi, kamar yadda ake yi a gida kafin a koma hannun dama. Sau biyu Ummi na fizgo rigata daga gaban mota. Shi ne kaɗai taɓa ni da ta yi a tsibirin.

Na nemi wuri na zauna na buga wayar tashar Baltimore, in roƙi a duba mini ko kwalbar na firij. Wata murya ta ce in danna ɗaya, na danna, ta ce in danna uku, na danna, aka sa mini kiɗa. Na saurari kiɗan nan har kunnena ya yi zafi, ban samu ɗan'adam ba. Ummi na tsaye nesa kaɗan, gaban wani shinge na jajayen furanni masu kama da dangin yakuwa. Ta san wa nake kira. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba.

A hanyar dawowa, da hantsi, Loreta ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ta ce an ba ta lokacin sakin tokar mijinta a bayan jirgi, kuma ba ta son ta tsaya ita kaɗai da ma'aikaci. Na yi ta tunanin ko ya halatta in je. Na je dai, na tsaya baya kaɗan. Ummi ce ta riƙe mata hannu. Ba liman, ba sahu, ba wanda ya ɗauki makara. Tsohuwa ɗaya da ɗan akwatin takarda. Ta yi wa mijin magana kamar yana ji, ta ce ya ga dai ta cika alkawari, ta saki akwatin. Farin kumfan da jirgi ke bari a baya ya rufe shi nan take. Ta juyo ta ce in yi wata addu'a irin tamu. Na rasa abin da zan ce, sai na ce mata Allah ya ba ta haƙuri, ya sa ta ga alheri a sauran kwananta. Ta ce amin da irin tasu. A zuciyata kuwa Rabi nake yi wa addu'a.

Da Loreta ta tafi muka rage ni da Ummi a jikin ƙarfen. Ko'ina ruwa ne, ba tsuntsu ba tudu.

"A nan ya kamata mu sha," in ji ta.

"Na sani."

"Baba, me ya sa? Kai kawai za ka gyaɗa."

Na ce mata na so in gyaɗa, wuyan ne ya ƙi. Sannan na gaya mata abin da ban gane ba sai a cikin jirgin. Akwai shekarar da wani ya yi odar zoɓo mai yawa don shagali, Rabi ta ji cewa gauraya shi za a yi da barasa, ta mayar masa da kuɗinsa ta raba zoɓon a masallaci. Da matar nan ta ɗaga kwalbar ta kira ta giya, ji na yi kamar Rabi aka yi wa ƙazafi a gabana.

Ummi ta juya ga ruwa. Ta ce, "Da Mama ce da ta shigo da shi. Har ta sayar wa matar kofi ɗaya." Ta ɗan ja hanci. "Ni ma da na bari mun sha a rumfar." Ba ta matsa daga kusa da ni ba har rana ta kore mu.

Da muka sauka Baltimore ban bi ta kan akwatina ba, matar mai tabarau na shiga nema. Ta gane ni tun daga nesa, kuma yadda ta sunkuyar da kai ya gaya mini komai. Ta ce ta sa kwalbar a firij ɗin ma'aikata da hannunta. Amma duk ƙarshen mako masu shara na kwashe abin da ke ciki, ita kuma ba ta aiki a ranar. Da ta dawo ta tarar da ita a kan wata kabad kusa da taga. Ta yi ta ba mu haƙuri har idonta ya kawo ruwa. Na karɓi kwalbar, da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, marfin ya taso yana tura hular robar. Na ce mata ta yi abin da za ta iya, Allah ya saka mata. Ni na ja motar zuwa gida, Ummi na rungume da kwalbar a cinya, ba ta bari ta girgiza ba ko a kan gada.

A kicin muka buɗe ta, inda aka haɗa abin da ke cikinta. Ummi na taɓa hular da wuƙa marfin ya yi tsalle da ƙara, jan kumfa ya yi feshi har silin. Warin ya cika ɗakin. Na daɗe ina ɗaukar fasinjoji masu dawowa daga shagali, na san warin nan ko daga barci na tashi. Amma can ƙarƙashinsa, in ka ja numfashi sosai, kanumfarin Rabi na nan.

Ummi ta tsiyaya abin da ya rage a kofi. Ta ɗaga shi har kusa da leɓenta, ta kalle ni. Na juya fuskata wajen taga. Wallahi da ta sha da ban ce komai ba, ko a ranar ko bayanta. Sai na ji ƙarar kofin a kan tebur. Da na waiwayo yana nan yadda yake.

Ta buɗe baki, kuma da Hausa ta yi maganar, Hausar nan tata mai tuntuɓe da rabon da in ji ta tun tana firamare.

"Baba, yanzu in matar nan ta tambaye ka, ka gyaɗa kai. Ya zama gaskiya."

Dariya ta kufce mini, ita ma ta kama, muka yi ta yi har dariyar ta juye ta zama abin da muka yi wata da watanni muna ɓoye wa juna. Ta kifa kanta a kafaɗata. Rabon da in riƙe ta tun tana rarrafe, shi ma sai in babu idon mutane. Na dafa kanta na ce, "Yi haƙuri, Uwata." Ta ce ni ma in yi haƙuri. Muka fita bayan gida tare, muka zuba zoɓon a gindin yakuwar da Rabi ke shukawa duk shekara, wadda bana ta fito da kanta.

To masu tambaya, ga amsarku. E, akwai kasuwa a cikin jirgin, akwai wurin wanka, akwai abincin da zai ishi unguwa. Tekun ma yana da girma kamar yadda ake faɗa, kuma Rabi ta yi gaskiya, ya cancanci a gan shi. Wanda zai je ya je da matarsa tun tana ce masa wata rana.

Mun wanke tebur, mun wanke bango, mun goge ƙasa. Amma akwai jan tabo a silin, daidai saman inda Rabi ke tsayawa in tana tace zoɓo. Isufu ya gan shi da ya zo gaishe ni, ya ce yana da ragowar farin fenti a gida, aikin minti kaɗan ne. Na ce masa ya bari sai na samo tsani. Tsanin yana nan bayan ƙofar gareji, inda Rabi ta jingine shi.